Ɗanyen kifi a Yashio

Ni ɗan Haɗejia ne, kuma a gidanmu kifi ba baƙo ba ne. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, duk mun ci mun ƙoshi tun muna yara. Sai dai kifin da na sani dole ya sha wuta. Ko a yi bandarsa har ya bushe ya yi baƙi, ko a soya a barbaɗa yaji, ko a yi farfesu da citta da kanumfari da masoro don a kashe ƙarni. Inna ba ta yarda tarwaɗa ta shiga tukunyarta sai ta wanke ta da toka, ta sake wankewa da lemon tsami. Da wannan tarbiyyar na sauka Japan a ƙarshen 2017, na samu aiki a wani filin tsofaffin motoci, inda muke kwance injuna da ƙofofi muna loda su a kwantena.

Garin da na zauna sunansa Yashio, a jihar Saitama, daf da iyakar Tokiyo ta arewa maso gabas. Wanda ya san Japan a hoto ba zai gane shi ba. Babu dogayen benaye masu walƙiya. Ƙananan masana'antu ne, da ɗakunan ajiyar kaya, da kogin Nakagawa a gefe, da 'yan gonakin komatsuna, wani ganye mai kama da alayyafo, a tsakanin gidaje. Jirgin ƙasa na Tsukuba Express, wanda aka buɗe a 2005, yana kai mutum Akihabara a tsakiyar Tokiyo cikin kamar minti 20, amma mu ma'aikatan fili sai mu yi wata ba mu leƙa can ba. Abin da ya sa Musulmi suka taru a wannan yanki shi ne kasuwar gwanjon motoci, musamman babbar nan ta garin Noda a jihar Chiba. 'Yan Pakistan sun riga kowa, sun kafa masallaci da gidajen abinci, har ana yi wa garin laƙabi da Yashiostan.

Wata shida na farko a hannunsu na rayu. Biryani da rana, in na dawo gida in dafa taliya da kazar Brazil mai tambarin halal da nake saya a Gyomu Super. Abincin Japanawa kuwa tsoronsa nake ji, kuma tsoron yana da dalili. A satina na uku na sayi wata miyar kayan lambu mai zafi a wani kanti, na sha rabi, sai wani abokin aiki ɗan Lahore ya karɓi robar ya nuna min harafi ɗaya a jikinta, ya ce naman alade ne. Ranar ban iya cin komai ba har dare. Na yi istigfari, na zauna na kwafi harafin alade da na giya a bayan katin jirgina, na haddace su kafin in iya rubuta sunana da rubutunsu.

Wanda ya fitar da ni daga wannan ƙangin wani dattijo ne Bajapane, makaniken filinmu, ya haura shekara sittin da biyar. Senpai nake ce masa, wato na gaba a aiki, ko da yake a raina Baba nake kiransa. Ya lura kullum in an fita cin abinci ni nake zama a fili in tsare ƙofa. Wata Asabar da muka gama loda kwantena da wuri, ya ce in shiga motarsa. Na ce masa da ɗan guntun Japanancina, "Senpai, alade babu, giya babu." Ya ce, "Na sani. Kifi da shinkafa kawai."

Gidan sushin da ya kai ni yana bakin babban titi, da filin ajiye motoci da ya fi ginin girma. Ba irin na Ginza, unguwar masu kuɗi a Tokiyo, ba ne, inda mutum ɗaya zai biya yen 30,000 ko fiye ya zauna gaban gwani yana miƙo masa loma ɗaya-ɗaya. Wannan na iyalai ne da direbobi da 'yan makaranta. Suna kiransa kaiten-zushi, sushi mai zagayawa, saboda wani bel da ke bi ta gefen kowane tebur ɗauke da ƙananan faranti, kowanne da loma biyu. A lokacin farantin yen 100 ne, da haraji 108. Senpai ya ce wani mai gidan sushi a Osaka, Yoshiaki Shiraishi, shi ya ƙirƙiro tsarin a 1958, bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a wata masana'antar giya. Ya rasa ma'aikata ne, sai ya sa faranti su yi tafiyar da kansu.

Muka zauna. Ya zuba garin koren shayi a kofi, ya danna kofin a jikin wani ɗan famfo da ke kan teburin, ruwan zafi ya zubo. Ya buɗe wani ƙaramin akwati ya ɗebo min yankakkiyar ɗanyar citta da aka jiƙa a ruwan khal da sukari, ya ce, "Gari." Na ɗaga kai da sauri. Na ce a harshenmu ma akwai gari, na tuwo da na zama. Ya maimaita kalmar sau biyu yana murmushi, kuma daga nan ƙirjina ya ɗan saki.

Bai fara min da ɗanye ba. Ya ɗauko na kokwamba da aka naɗe a baƙar ciyawar teku, sannan na dafaffen jatan lande. A nan na fara gane cewa sushi maganar shinkafa ce kafin ta zama maganar kifi. Shinkafar gajera ce mai danƙo, an gauraya ta da ruwan khal da gishiri da sukari, ba zafi ba sanyi, ɗumi-ɗumi. An dunƙule ta yadda za ta riƙe kanta a hannu amma ta watse da zarar ta shiga baki. Ina ta fama da tsinkayen cin abinci, loma tana kuɓuce min, sai ya ajiye nasa ya ɗauka da yatsu uku, ya juya ta, ya dangwala gefen kifin a shoyu, baƙin romon waken suya, ya kai baki gaba ɗaya. Ya ce asalin wannan abinci a Edo, tsohon sunan Tokiyo, na bakin titi ne, a tsaye ake ci, da hannu. Wallahi jin haka ya yi min daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Wata shida ke nan ina ɓoye hannuna.

Sai ya turo min farantin kifin salmon. Yanka biyu, launin ruwan goro mai haske da farin zane-zane, babu alamar wuta a jikinsu. Na kai hanci tukuna, don abin da nake jira ƙarni ne. Babu. Na yi bismillah na sa a baki. Laushi ne da maiƙo mai sanyi, kamar man shanu sabon kaɗi, sai tsamin shinkafar ya biyo baya, sai wasabi, koren yajinsu, ya hau min hanci ya sauka nan take. Yajinmu a harshe yake zama ya daɗe. Wannan ta hanci yake bi, kafin ka nemi ruwa ya tafi. Na haɗiye, na jira cikina ya yi magana, shiru. Na ci faranti tara a ranar.

Daga baya na fahimci abin da ya raba kifinsu da namu. Na ruwan daɗi, irin na kogin Haɗejia, su ma ba sa cinsa ɗanye haka kawai, saboda tsutsotsin da ke cikinsa. Ƙarnin da muka sani kuma yawancinsa na kifin da ya yi sa'o'i a rana ne. Nan kifi daga jirgin ruwa har faranti a cikin sanyi yake tafiya, kuma ma'aikatar lafiyarsu tana ba da shawarar a daskarar da shi a awo 20 ƙasa da sifili na fiye da sa'a 24 don kashe tsutsar anisakis. Shi kansa salmon ɗin da ya buɗe min ƙofa baƙo ne a kan sushi. A da Japanawa ba sa cinsa ɗanye a kan sushi. Mutanen Norway ne suka dage tun shekarun 1980 suna tallata na kiwonsu har aka karɓa, yau ga shi yana cikin waɗanda aka fi ɗauka daga kan bel.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan: ɗanyen da nake gudu shi ne ya fi kwantar min da hankali ta fuskar addini. Yankan kifi a kan shinkafa ba ya ɓoye komai, idonka yana ganin duk abin da za ka ci. Dafaffen ne ke buƙatar bincike. Romon ramen, taliyarsu ta cikin romo, sau da yawa na ƙashin alade ne. Zaƙin da ke kan unagi, dogon kifin nan mai kama da gaiwa, daga mirin yake, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke girki da ita kamar yadda muke sa magi. Ƙwan da ake soyawa a ɗora kan shinkafa sau da yawa akwai ta a ciki. Ko a kan bel ɗin nan akwai farantin da aka ɗora wa nama, ina barinsu su wuce. Manyan gidajen suna da takardar da ke nuna abin da ke cikin kowane faranti saboda masu rashin jituwa da wasu abinci, kuma alade yana cikin abin da ake nunawa, amma giya ba ta ciki, sai ka tambaya. Shoyu ma akwai magana a kansa, domin yana fitar da ɗan barasa wajen ruɓawa, wasu kamfanoni kuma suna ƙara masa. Malamai sun saɓa. Ni na zaɓi in riƙa tafiya da 'yar kwalbata mai tambarin halal a aljihu, kuma ba a taɓa hana ni fito da ita ba.

A teburin sushi ne kuma na ga fiƙihun da na karanta a zaure ya tashi tsaye. Mun je da abokaina 'yan Pakistan, na ɗauki farantin tako, halittar nan mai hannu takwas, sai ɗayansu ya riƙe min hannu ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ba kifi ba ne." Su Hanafawa ne, kifi kaɗai suke ci daga cikin teku. Mu a mazhabar Imam Malik duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ga ayar Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku, ga hadisin da ya ce ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal. Na karanto masa, ya karanto min nasu, ya sake min hannu. Ya ci kifin tuna, na ci tako, muka raba kuɗin.

Da na ba Inna labari a waya ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗanye fa ka ce? Ba su da itace ne a garin?" Na ce, "Inna, suna da shi. Kuma suna yin banda." Gaskiya na faɗa mata. Romon da suke gina kusan kowace miya a kansa, dashi, daga katsuobushi yake, kifin da aka dafa aka yi bandarsa aka busar har ya yi tauri kamar icce, sai an kankare shi da abin fiƙa. Ranar da na fara buɗe ledarsa, ƙamshin layin 'yan kifi na kasuwar garinmu ne ya bugi hancina, na tsaya a tsakiyar kicin na kasa motsi.

Irin wannan ya yi ta faruwa da zarar na daina tsoron kanti. Na tarar da kuɓewa, suna ce mata okura. Da bazara na tarar da lalo a ɗaure, suna ce masa moroheiya. Suna son yauƙi kamar mu, har suna da kalmarsa, neba-neba. Sai natto, waken suya da aka ruɓar, wanda baƙi da yawa ke toshe hanci in an buɗe. Senpai ya miƙo min shi yana kallon fuskata, na shinshina na ce, "Daddawa!" Warin ɗaya ne, kuma nau'in ƙwayar halittar da ke ruɓar da su ɗaya ce, sai dai mu muna jefa tamu a miya, su suna juya nasu da tsinke har ya yi zare su ɗora kan shinkafa da safe. Yanzu in daddawar da aka aiko min ta ƙare, natto maiɗakina take dakawa ta sa a miyar kuka.

Ita ta iso a 2021 da 'yarmu. Abubuwa sun canja tun daga lokacin. Kuɗin farantin yen 100 ya ƙaru a wasu manyan gidajen a 2022. A farkon 2023 bidiyon wani matashi da ya lashi kwalbar shoyu ya karaɗe ƙasar, gidaje da yawa suka rage zagayen faranti, yanzu a allo kake taɓa abin da kake so, ya taho maka kai tsaye ta layin sama. Na yi kewar zagayen, don da shi na koyi sunayen kifi. In wata ya yi nisa kuma ba ma zuwa gidan sushi, babban kanti nake shiga bayan isha'i, lokacin da ma'aikaci ke bi yana manna takardar rabin kuɗi a kan fakitin da suka rage. Mu da tsofaffin unguwa muke tsayawa a bayansa, kowa da kwandonsa, ba mai kallon wani.

Maiɗakina har yau ba ta cin ɗanye, kuma ban matsa mata ba. Nata na jatan lande ne da na masara. 'Yarmu kuwa tana hawa kujera take danna salmon, ta ce sabi-nuki, wato ban da wasabi, da lafazin da ni ban taɓa samu ba.

Senpai ya yi ritaya bara. Da ƙaramar Sallah muka gayyace shi gida, aka tuƙa tuwo da shinkafarsu ta Japan, wadda danƙonta ya sa ba ta buƙatar dogon tuƙi, aka yi miyar ɗanyar kuɓewa da katsuobushi a madadin banda. 'Yarmu ta kawo masa tsinkaye. Ya karɓa ya gode mata, ya ajiye su a gefen tabarma, ya ce in nuna masa inda ake wanke hannu. Ya gutsuri loma, ya yi mata rami da babban yatsa kamar yadda ya ga na yi, miyar tana zare har gwiwar hannunsa. Malmala biyu ya ci, sannan ya tambayi maiɗakina ko za ta zuba masa sauran miyar a roba ya kai wa matarsa.