Godiya bayan daren zagayen tsofaffin motoci

Assalamu alaikum 'yan'uwa na nan da na gida.

Tun daren Asabar nake son rubuta wannan saƙo, amma duk sanda na zauna sai in rasa wa zan fara ambata. Yau dai na ce ko bai tsaru ba sai na rubuta, kada alherin da aka yi mini ya kwana ba a faɗe shi ba.

Saboda na gida, bari in ɗan yi bayani. Ƙaramin garin da muke zaune a jihar Ilinoi ta Amurka yana kan tsohuwar hanyar nan ta Route 66, wadda aka buɗe a 1926, ta taso daga Shikago har Santa Monika a bakin teku can Kalifoniya. Da aka shimfiɗa babbar hanyar I-55 ta bayan gari, matafiya suka daina tsayawa, gidajen mai da na abinci suka rurrufe, a 1985 kuma aka cire Route 66 daga jerin manyan hanyoyin ƙasa. Duk wanda ya ga yadda garin kan hanya yake yin sanyi idan aka yi masa baifas ya san abin da nake nufi. To, abin da yake tara mutanen garin nan har yau shi ne wannan dare. Sau ɗaya a wata, a lokacin zafi, ana rufe babban titi tun bayan la'asar, duk mai tsohuwar mota ya fito da ita ya faka a jere, ya ɗaga bonet, ya kafa kujerarsa a gefe. Ba gasa ake yi ba, ba kuma a biyan kuɗin shiga, sai dai wanda ya ga dama ya kawo abincin gwangwani a tara wa mabuƙata. Rana na gab da faɗuwa sai a tada motocin a zaga gari a hankali, jama'a na tsaye a bakin titi suna ɗaga hannu.

Shekara shida muna garin nan, ni ɗan kallo ne kawai. Muna gaisawa da mutane daga nesa, amma a ce an zauna an yi hira, babu. Bana ne karo na farko da na shiga layi da mota tawa, Peugeot 504 ƙirar 1978, wato Fijo.

Marigayi mahaifinmu direba ne. Da Fijo wagon ya ci da mu, ya tufatar da mu, ya sa mu makaranta, yana lodi tsakanin Kaduna da Kano. Tasa haɗin Kakuri ce, daga masana'antar da ta fara haɗa motoci a 1975. Shekara uku da suka wuce na ga wata 504 a rumfar ajiyar wani manomi, tayoyi sun sace, ɓeraye sun cinye kujeru. Irin ta Amurka ce, mai fitilu huɗu zagayayyu da manyan bamba, ba mai faffaɗar fitila irin tamu ba. Amma da na buɗe ƙofa na riƙe sitiyari, sai na ji kamar Baba ne zai ce in matsa ya zauna. Ban iya barin ta a wurin ba.

Godiya ta farko ta Kawu ce, tsohon makaniken Baba a Kaduna. Kawu, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kamfanin Peugeot ya bar kasuwar Amurka tun 1991, saboda haka yawancin makanikan nan ba su taɓa kwance injinta ba. Kawu ne yake sa ni in kara waya kusa da inji ya saurara ta WhatsApp, can sai ya ce, "Yaro, ba fulogi ba ne, duba kwantak." In duba, in tarar haka ne. Wata rana sai da muka yi awa biyu a kan kafireto, shi da tocila a tsakar gida babu wuta, ni a gareji hannu duk baƙin mai. Ko sau ɗaya bai nuna ya gaji ba, kuma da na yi maganar kuɗi sai ya ce in bari kada in ɓata masa rai, tsakaninsa da Baba ya wuce haka.

Sai ƙanena, wanda ya sha zirga-zirga tsakanin Panteka da Ƙofar Ruwa yana neman abin da babu shi a nan. Ashe abin da ya gagara a ƙasar motoci yana rataye a rumfuna a Kano, domin a Najeriya an ci gaba da haɗa 504 shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Da kuma Hajiya, wadda ta sa kayan gyaran a jakarta tsakanin kuka da busasshiyar kuɓewa ta kawo mini har gida. Na gode, Hajiya.

Maƙwabcina ba ya jin Hausa, amma 'yata ta yi alkawarin fassara masa. Dattijo ne da ya yi ritaya, mai Chevrolet Bel Air ta 1957, irin mai fukafukai a baya, wadda yake gogewa kamar amarya. Shi ya ba ni gefen garejinsa tsawon hunturu biyu. Sifanoninsa duk na inci ne, irin na tsofaffin motocin Amurka, ita kuwa Fijo da milimita aka auna notocinta. Ban roƙe shi ba, wata safiya na tarar ya sayo saiti guda na milimita ya rataye a bango. Shi ne kuma ya matsa mini in shiga bana, lokacin da nake ta jan ƙafa ina cewa fenti bai gama kyau ba.

Ranar Asabar aka ba ni wuri tsakanin wata jar Mustang ta 1965 da Ford Model A da ta haura shekara 90. Duk titin rugugin manyan injina ne masu silinda takwas, tawa mai huɗu tana ta ɗan kaɗawarta. Na zaci wucewa za a riƙa yi. Ina! Mutane suka yi dafifi, wannan ya tambayi ƙasar da aka ƙera ta, wancan ya leƙa ƙarƙashi. Na faɗa musu irin wannan mota ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, kuma a ƙasarmu ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce ta kai amarya. A dare ɗaya na yi hira da mutanen garin nan fiye da yadda na yi a shekara shida.

Ana cikin haka wata mata mai furfura ta tsaya ta daɗe tana kallon zakin da ke gaban motar. Sai ta juyo ta ce mini, "Ina wuni?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe ta yi aikin sa-kai na Peace Corps a wani ƙauye kusa da Maraɗi tun tana budurwa, ta ce ta sha shiga irin wannan mota zuwa Damagaram. Gona take da ita mil kaɗan daga gidanmu, ba mu taɓa sanin juna ba. Uwargida ta riƙe hannunta ta kai ta wurin masa, suka zauna kamar sun shekara da sabo.

Uwargida, ke kam ban san da bakin da zan gode miki ba. Shekara uku kina haƙuri da Asabar ɗin da gareji ya cinye. Ke da matan da suka zo daga Shikago kun tashi tun asuba kuna suyar masa, ga zoɓo kula biyu, aka raba kyauta har ya ƙare. 'Yan'uwa da kuka yi tuƙin awa biyu da 'ya'yanku don ku tsaya tare da mu, Allah Ya bar zumunci. Mai gasa nama na garin ma ya ware mana sabon waya da gawayi daban don tsirenmu, ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Sai abin da ya faru a zagaye. Mun sha kwana ta biyu ke nan, tiyon lagireto ya fashe, tururi ya turnuƙe gaban mota a tsakiyar titi, ga motoci sun yi layi a bayana. Gabana ya faɗi, domin a lokacin Inna tana kan waya daga Kaduna, 'yata na riƙe da ita tana nuna mata. Ƙarfe biyu na dare ta kusa a can, ta hana idonta barci don ta ga motar. Ko mutum ɗaya bai danna oda ba. Matasa suka taso daga bakin titi suka tura mu gefe, 'yan kwana-kwana na sa-kai suka kawo ruwa, maƙwabcina ya bar Bel Air ɗinsa a kunne ya zo da wuƙa da sukudireba. Da inji ya ɗan huce ya yanke inda ya tsage ya sake ɗaurewa. Masu shirya taron suka tsayar da zagayen gaba ɗaya, suka ce ba za a ci gaba ba sai da mu. Da ta tashi, titin ya ɗauki tafi. Inna ba ta ce komai ba sai addu'a ga Baba, muna tafe a hankali tana yi muna cewa amin, har muka dawo inda muka taso.

Ina kuma gode wa mai shagon da ya buɗe mana ɗakin baya muka yi sallar magariba, ya tsaya da kansa yana duba mana motar har muka idar.

Akwai kular abinci shuɗiya da sallaya guda da aka manta a but ɗina, mai su ya yi mini magana. Kawu, na sayi sabon tiyo, ranar Lahadi in Allah Ya kai mu zan kira ka mu ɗaura shi tare, don akwai wani zagayen a wata mai zuwa.