Darussan shagon ɗinki a Shara Mansur

Mutanen gida suna zaton duk wanda ke zaune a Makka kullum zuciyarsa cike take da shauƙi. In na buga waya na ce na gaji, sai a ce, "Kai da kake maƙwabtaka da ɗakin Allah, wace irin gajiya kuma?" Ba na musu, ni'ima ce, ina kuma godiya. Amma tela tela ne ko a ina yake. Wanda ya hau keke tun hantsi har bayan isha, baya na ciwo, ido na ruwa, ga mai kaya tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo, ba kowane lokaci yake tuna Harami na nan kusa ba. Ido yana sabawa da komai, har da abin da wani ya yi shekara ashirin yana tara kuɗi don ya zo ya gani. Abubuwan da suka riƙe ni a wannan sana'a ba manya ba ne: maganar wani tsoho, zama da abokai masu aikin hannu, sai 'yan daɗe-daɗen da ba su kai a ba da labarinsu a waya ba.

Mai shagonmu, wanda kowa ke kira Baba, a Makka aka haife shi. Kakansa yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ya daɗe yana noma a Sudan kafin ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Hausar Baba ta gauraya da Larabci ta yadda ɗan Kano sabon zuwa sai ya kasa kunne sosai kafin ya bi ta, amma karin maganarsa ba ta taɓu ba, yadda kakan ya zo da ita haka take. Kuma ba ya faɗinta don a ce ya iya magana. Sai aiki ya kira ta.

Wani goman ƙarshe na azumi, bayan tarawihi, wani alhaji ya shigo da shadda kala shida a leda. Ya ce kafin salla yake so, kuma zai ninka kuɗin ɗinki. Mu yara muka ɗaga kai daga keke, kowa na lissafin rabonsa a zuci. Baba ya zaro turmi ɗaya, ya murza bakinsa tsakanin yatsu, ya yaba kyan shaddar, sannan ya mayar cikin leda ya ɗaure.

"Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. In na karɓa, ko dai in yi maka ƙarya, ko in yi wa wanda ya riga ka kawowa."

Alhaji ya roƙa, ya haɗa da Allah da Annabi, Baba ya raka shi har bakin titi yana ba shi haƙuri. Da ya dawo ya ga fuskokinmu, sai ya ce da ni, "Ɗana, kuɗin da za su sa ka ɓuya bayan labule ranar jajiberi, bar su su wuce." Duk wanda ya san alkawarin tela ya san labulen da yake nufi. A shagonmu tsakiyar Sha'aban ake rufe littafin karɓar aikin salla, kuma ban taɓa ganin an buɗe shi don girman rawanin wani ba.

Na lura karin magana iri biyu ce, ko da kalmomin ɗaya ne. Akwai wadda ake liƙawa a WhatsApp da safe, da hoton fure ko na zaki, mutum ya karanta ya wuce bai ji komai ba. Akwai kuma wadda ta same ka da almakashi a hannu. Ranar da wani yaro ya ɗinke hannun riga a baibai saboda yana son ya riga kowa gamawa, Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙa masa reza ya farke, ya ce, "Sauri kan haifi nawa." Yaron ya yi kusan awa guda yana tsince zare, mu kuma muka riƙe maganar fiye da yadda za mu riƙe wa'azin yini.

Sai dai ban yarda kowace karin magana hikima ce a bakin kowa ba. Wani abokina da ke aiki a wani shagon daban an riƙe masa albashi wata da watanni, kullum ya tambaya sai maigidansa ya ce masa mahaƙurci mawadaci. Wannan ba nasiha ba ce, toshe baki ne. Wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ke hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ba shi da bakin da zai ja magana da nisa, mai faɗa masa haƙuri kuma ya san da haka. Da labarin ya zo kunnen Baba, abin da ya ce kawai shi ne, wanda ya san wannan karin maganar ya kamata ya san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Tun daga nan in an jefo mini magana mai daɗi, nakan duba wa za ta amfana, mai faɗa ko mai ji.

Abokai kuwa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya fi canja mini hannu wani alaramma ne Badamagare. Da rana dabino yake sayarwa a shagon wani, da dare ya shimfiɗa takarda ya yi zayyana irin ta allon sauka, da tawadar da yake haɗawa da kansa da ƙaron da ake kawo masa daga Sudan. Shi ya nemo mana izinin shiga masana'antar rigar Ka'aba da ke Ummul Jud. Ni da nake zaune a garin ban taɓa tunanin zuwa ba, ga shi kuwa gidan teloli ne da babu kamarsa. A da daga Masar ake kawo rigar. Sarki Abdul'aziz ya buɗe gidan saƙa ta a Makka a 1927, aka koma wannan ginin a 1977. Baƙin siliki ne, tsawonta ya kai mita 14, ɗamarar da ke zagaye da ita ta sama mita 47, ana kuma cinye kimanin kilo 120 na zaren zinariya da kilo 100 na azurfa a kowace riga. Tun daga 2022 ranar 1 ga Muharram ake canja ta, maimakon ranar Arfa da aka saba.

Ni ƙyallin zinariyar ya ɗauke mini hankali. Malam ya ja hannun rigata ya kai ni gaban wani dattijo da bai kai ga zinariya ba tukuna, ya ce, "Kai tela ne, dubi ƙarƙashi." Ashe kafin a ɗora zaren zinariya, sai an bi kowane harafi an cika shi da zaren auduga, ana jerawa ana ɗorawa har ya yi tudu, tsakiya ta fi gefe tsayi. A kan wannan tudun ake kwantar da zinariya, allura ta nutsa nan ta ɓullo can, zare na bin zare babu rata. Dattijon bai ɗago ya dube mu ba. Yatsansa na hagu yana ƙarƙashin ƙyallen yana tarbar allura, na dama yana sama, bakinsa na motsi a hankali. Wannan audugar ita ke sa rubutun ya taso har mai ɗawafi ya iya karanta shi daga nesa, kuma da zarar an rufe ta babu mai sake ganinta.

Da muka dawo na gwada a wuyan kaftani. Na farko ya yi kumburi, na biyu ya karkace, Malam yana zuwa da dare yana dubawa yana cewa in rage cika a wutsiyar zane in ƙara a ciki, yadda alƙalami ke yi in an danna an sassauta. Bai taɓa riƙe allura ba, ni ban iya fiƙe alƙalami ba, amma idonsa ya ga abin da nawa bai gani ba. Yanzu akwai masu zuwa shagon takanas su ce irin wuyan nan mai tudu suke so. Shi ma ya ɗauki aska biyu da dagi daga babbar riga ya shigar cikin zayyanarsa, yana cewa bashi ya karɓa zai biya.

Ɗayan abokin mai tsire ne, ɗan Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Tsirensa har Larabawa layi suke yi. Amma abin da ya fi iyawa waƙa ce, yana juya tsinke yana ƙaga baiti, kuma rabin waƙoƙinsa zambon teloli ne. Daren Juma'a, da yake gobe hutu, mukan zauna bayan ya kashe wuta, a dafa shayi, kowa ya fito da abin da ya yi a makon, a yaba, a kushe, a yi dariya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 rabin abin da yake samu gida yake turawa, wayarsa kuma ba ta barin hannunsa. Na zaci waƙar za ta tsaya. Ba ta tsaya ba, sai dai yanzu yakan sako sunayen garuruwa a ciki, Madani, Sinja, Gadarif, ya jero su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma kan teloli don kada zaman ya yi nauyi. A wurinsa na ga mutum na iya ɗauke da damuwa ya kuma ci gaba da ƙirƙira, ba sai ya jira ta sauka ba.

Shekarar 2020 ce ta gwada mu duka. An dakatar da Umra, aka sa dokar hana fita dare da rana a Makka cikin Afrilu, Hajjin shekarar kuma 'yan tsiraru ne daga cikin ƙasar suka yi. Garin da ke ci daga baƙi ya wayi gari babu baƙo. A watan Yuli harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, zare da yadi suka ƙara kuɗi. Ƙanwar Baba, da muke kira Gwaggo, mai ɗinkin hula ce a gida. Ita ta aiko a kwaso mata buhunan ƙyallayen da muke zubarwa. Ta fara da takunkumi, ta koma 'yan jakunkunan carbi da na waya, tana haɗa shuɗi da ruwan ƙasa yadda ba za ka ce ragowa ba ne. Ta aiko mana da samfuri da saƙo: "Ku gaya wa yaran nan hannu ba ya hutu don kasuwa ta rufe." Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sun sayi burodi, sun kuma hana mu zama muna ƙirga silin.

Ƙananan daɗi kuwa, na daina jin kunyar lissafa su cikin abin da ke tafiyar da aiki. Burodin tamis mai zafi da dafaffen waken ful bayan asuba, a yage da hannu tun yana ƙona yatsa. Sobiya mai sanyi a leda lokacin shan ruwa. Ƙarar almakashi cikin sabuwar shadda, da ƙamshin da take yi in dutsen guga ya hau ta. Ranar da aiki ya yi sauƙi in sauka Harami da azahar, in taka farin marmaran nan da aka kawo daga Girka, rana na dukan kai amma tafin ƙafa na jin sanyi. Har ranar 22 ga Nuwamba 2022 ina sakawa a ciki, ranar da Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1. Baba da ke cewa ƙwallo aikin marasa aiki ne, shi ya fi kowa ihu, washegari kuma aka ba da hutu a ƙasa baki ɗaya, muka rufe shago ba tare da kowa ya nemi izini ba. Na ga teloli da suka ɗauki hana kai irin waɗannan a matsayin himma, ba shayi, ba hira, ba fita. Ba su fi mu yawan ɗinki ba, sun dai fi mu faɗa da masu kaya.

Muhawarar da ake yi a shagon yanzu ta keken surfani mai kwamfuta ce. Babban ɗan Baba yana so a saya, ya ce abin da nake kwana uku ina yi, ita kafin a sha shayi ta gama, kuma yawancin masu kaya ba sa bambancewa. Gaskiya ya faɗa. Malam ya ce kama da wane ba ta wane, mai tsire ya riga ya ƙaga baiti biyu a kan telan da kwamfuta ta kora. Ni ra'ayina a sayo ta, ta ɗauke mana aikin yayi da na yara da ake so da araha, a bar wuyan manya a hannu, mai so ya jira ya kuma biya. Baba ya saurari kowa, ya tambayi kuɗinta, ya tambayi wa zai gyara ta in ta lalace ana saura kwana biyar salla. Babu wanda ya ba shi amsar ta biyun, sai ya ce a bar maganar sai bayan Hajji.