Laraba: fallen PVDF mai garin bariyom taitanet

Fallen da aka zuba jiya ya bushe da safe. Haɗin shi ne giram 1.6 na PVDF, wata roba mai ba da lantarki idan an danna ta, a cikin mililita 10 na DMF, ruwan sinadarin da ke narkar da ita, an dama a zafin digiri 60 har ya narke tas, sai giram 0.4 na garin bariyom taitanet, wani nau'in tangaran da shi ma ke ba da lantarki idan an danna, da aka riga aka warwatsa a cikin DMF da na'urar girgiza. Kashi 20 cikin 100 ke nan a nauyi, amma a cika bai wuce kashi 7 ba, domin garin ya ninka robar nauyi fiye da sau uku. Mutane da yawa na manta wannan lissafi idan suna kwatanta sakamako.

An shimfiɗa shi a kan gilashi, ya kwana a tanda a digiri 60. Zafin nan yana da dalili. Idan ya haura 100, sarƙoƙin PVDF sukan daskare a sigar alfa, wadda ba ta ba da lantarki idan an danna. Sigar beta ake nema, inda fulorin ke jeruwa gefe ɗaya, haidirojin ɗaya gefen. FTIR, awon da ke gane siga da hasken infrared, ya nuna tudun beta a 840 da 1279, na alfa a 763 kuwa ya kwanta. Na 1279 na fi amincewa da shi, tunda sigar gama ma takan fito kusa da 840.

Kaurin fallen maikuromita 40. Na yanka murabba'i huɗu, na shafa fentin azurfa a fuska biyu, na bar milimita 3 a kowane gefe don kada wuta ta tsallaka ta baki. Sai jera ƙwayoyin fallen su fuskanci gefe ɗaya da wutar lantarki a cikin man silikon mai zafin digiri 80. PVDF na buƙatar aƙalla bolt 50 a kan kowace maikuromita, wato bolt 2,000 ga wannan kauri, kuma ana ƙarawa ne ɗari biyu-biyu, ana hutawa tsakani. Biyu sun huje kafin a kai. Da na ɗaga su a haske, ga ɗan rami baƙi kamar bakin allura, kewaye da farin ƙulli. Garin ne ya dunƙule a wurin, ga kuma kumfar iska, tunda ba a zuƙe iskar haɗin ba kafin zubawa. Iska ta fi roba saurin barin wuta ta keta. Sauran biyun sun yi minti 30, aka bar su suka huce wutar na kunne. In an kashe da zafi, wasu ƙwayoyin sukan koma yadda suke.

Abin da ya ci mini yammaci shi ne awon. Fallen mai gari bai kai na PVDF zalla ba a cajin da yake fitarwa. Dalilin yana cikin alamar cajin, korau ko tabbatau. Tun 1969 da Heiji Kawai ya gano wannan hali na PVDF a Japan, an zo an tabbatar d33 ɗinsa, wato ma'aunin cajin da yake fitarwa idan an danna, korau ne, wajen 20 zuwa 30 na fikokulom a kan kowane niyuton, na bariyom taitanet kuwa tabbatau, kusan 190. In an jera su fuska ɗaya, wannan na ja nan, wancan na ja can, sai su cinye juna. Ƙari a kan haka, garin ya fi robar tauri nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin riƙon lantarkinsa ya haura dubu alhali na robar goma da 'yan kai ne, don haka kaɗan daga cajinsa ke isa ga azurfar. Maganin da ya fi kama hankali shi ne a koma kan P(VDF-TrFE), wata roba 'yar uwar PVDF, a jera garin da zafi sama da inda robar ke rasa halinta na jeruwa, sannan a jera robar a juye bayan ta huce.

Sigina na farko da na gani ma ƙarya ne: gogayyar tef da sandar dannawa ce ta haifar da shi. Na manne komai ba rata, na juya wayoyin biyu, siginar ta juya daidai girmanta. An ɗora nauyi an bar shi, cikin 'yan daƙiƙu allon ya koma sifiri, domin irin wannan na'ura canjin matsi take ji.

An dama sabon haɗi na gobe, kashi 10, yana cikin tukunyar zuƙe iska.