Laraba: ƙaryar da na yi wa Kawu

Gara in rubuta abin nan ko na samu barci.

Safe ba wuta. Koko da ƙosai. Hauwa ta sake makara. Shago shiru, mutum biyu kacal kafin azahar.

Bayan la'asar Kawu Sale ya leƙo, wai hanya ce ta biyo da shi, alhali shayi ya kawo shi. Ya tarar na kunna faifan Candy na Lee Morgan, Ba'amurken mai busa begila a kiɗan jazz, a 'yar sifikar nan, karo na uku ke nan yau. Ya zauna a benci, ya ɗora hula a gwiwa, bai ce uffan ba har kiɗan farko ya kusa ƙarewa. Kun dai san Kawu da begila, har yau in ya ji busa sai leɓensa ya riƙa motsi.

"Kai, wannan yaro ne," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ta yaya kuka gane?"

"Babba tattalin iska yake. Wannan kuwa ɓarinta yake kamar ya ci gado. Kuma shi kaɗai ne, ko? Ban ji wani mai busa da zai karɓe shi ya huta ba."

Ya canka daidai. Morgan na da shekara 19 aka ɗauki faifan, zama biyu, Nuwamba 1957 da Fabrairu 1958, a falon iyayen mai ɗaukar sauti Rudy Van Gelder da ke garin Hackensack a Amurka, kamfanin Blue Note ya fitar. Su huɗu ne rak: shi, Sonny Clark a fiyano, Doug Watkins a bas (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), Art Taylor a ganguna. Na ƙara masa da cewa tun yana 18 Dizzy Gillespie, shahararren mai busa begila, ya ɗauke shi cikin babbar ƙungiyarsa. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce shi a shekarun nan goge begila ake ba shi.

Da kiɗa na biyu ya shigo, mai sanyin nan, sai ya lumshe ido. Can ya ce, "To, na janye rabin maganata. Ya iya tattali, gadara ce kawai."

Sai ya tambaya ko yana raye. Na ce ya rasu.

"Allah sarki. Ya dai tsufa?"

Na ce e, ya ɗan kwana biyu. Na kama goge kantar da ba ƙura a kanta.

Shekara 33 fa. Fabrairun 1972, matarsa ta harbe shi a gidan rawa na Slugs' a New York inda yake wasa, dusar ƙanƙara ta tsare motar asibiti a hanya, jini ya ƙare masa. Duk na sani, a bakina yake. Amma na ga yadda dattijon nan yake murmushi kamar ɗansa ne ya burge shi, sai harshe ya yi mini nauyi.

Ya ce ranar Asabar in tura masa faifan a waya. In Abba ne ya kunna masa, na san sai ya binciko sunan ya karanta masa komai.