Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Har Tesseract Ta Ginu

Alhamdu lillahi. Daren jiya, bayan sallar isha'i, kwamfuta ta uku ta gama gina Tesseract ba tare da ta tsaya a hanya ba. Mako uku ke nan ina fama, kuma ba zan iya yin shiru ba sai na gode wa waɗanda suka ɗauki wannan wahala tamkar tasu.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: akwai akwatin tsofaffin jaridun Hausa da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari, takardun sun fara rugurgujewa. Mu uku muka ɗauri aniyar ɗaukar hotonsu mu mayar da su rubutun kwamfuta. Tesseract manhaja ce mai karanta rubutu daga hoto. A kamfanin HP aka fara ta a shekarun 1980, aka saki tushenta ga kowa a 2005. Da muka gwada ta da tsarin karatun Turanci, sai ta riƙa cinye mana ƙugiya: ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ɓera kuwa wani lokaci ma ba a gane shi. Dole sai mun koya mata da kanmu. Matsalar ita ce kwamfutata Ubuntu 22.04 ce (wani nau'in Linux), wadda ke zuwa da Tesseract siga ta 4.1.1, ƙanwata Mac gare ta, abokin aikinmu kuma Windows. Muna son siga ta 5 iri ɗaya a kan dukkan ukun, da kayan horarwarta, don kada sakamakonmu ya riƙa saɓawa. Shi ya sa muka koma gina ta daga tushe, wato mu sauke ainihin lambobin da aka rubuta ta da su mu haɗa ta da kanmu a kan kowace kwamfuta.

Godiyata ta farko ga Malam, wanda ya koyar da ni Linux shekaru da suka wuce. Na kira shi ina cewa an gama gini amma babu kayan horarwa irin su lstmtraining ko text2image. Bai ba ni amsa kai tsaye ba. Cewa ya yi, "Koma ka karanta abin da configure ya rubuta maka, layi-layi, kada ka tsallake." Na koma ga configure ɗin, wato shirin da ke duba kwamfuta kafin a fara gini, sai ga gargaɗin a fili: kayan horarwa ba za su ginu ba saboda babu ICU da Pango da Cairo, manhajojin tallafi da suke dogara da su. Ni kuwa Leptonica, mai sarrafa hotuna, kaɗai na kula da ita. Haka kuma shi ya gano dalilin da ya sa kwamfutata ke sanƙarewa a tsakiyar aiki: ƙwaƙwalwarta gigabait 4 ce, ni kuma na sa make, shirin da ke gudanar da ginin, ya ɗauki ayyuka takwas lokaci guda. Ya ce in rage zuwa biyu. Ya ɗauki lokaci, har wuta ta ɗauke sau biyu batirin ya mutu, amma da na sake kunnawa sai make ya ɗora daga inda ya tsaya. Malam, Allah ya ƙara girma, ya albarkaci zuri'a.

Windows ce ta fi ba mu ciwon kai, kuma a nan ne abokin aikina ya nuna haƙurin da ban san yana da shi ba. Mun bi ta MSYS2, manhajar da ke kawo kayan aiki irin na Linux a kan Windows, mai tagogin umarni iri-iri. Kwana biyu muna buɗe tagar MSYS alhali kayan da muka sauke na UCRT64 ne, kowanne da inda yake neman abinsa. Da muka wuce wannan, sai autogen.sh, fayil ɗin da ke share fagen ginin, ya ƙi tashi. Ina nan zaune gefensa a shagon gyaran waya na yayansa, janareta na ruri, ya buɗe fayil ɗin ya nuna mini da yatsa wata alama ^M a ƙarshen kowane layi. Ashe Git, manhajar da muka sauke tushen da ita, ita ce ta sauya ƙarshen layukan zuwa irin na Windows lokacin saukewa. Ƙaramin abu kamar ƙwayar gero, ya ci mana yini guda. Muka kashe autocrlf, saitin Git da ke yin wannan sauyin, muka sake saukewa, da datar wayarsa kuwa, ya hana ni biya. Yaya mai shago, na gode da wuri da wuta da shayin da ba ya yankewa. Allah ya buɗa kasuwa.

Ƙanwata ita kaɗai ta yi nata yaƙin, daga makaranta, tsakanin lacca da lacca. Homebrew, shirin sauke manhajoji a Mac, ba ya ajiye icu4c (wato ICU) inda ake gani kai tsaye, sai da ta nuna wa pkg-config, mai nemo irin waɗannan kayan, hanyar da hannunta. Ita ce kuma ta faɗakar da mu cewa make ɗin da ke zuwa da Mac tsoho ne, siga ta 3.81, tesstrain, mai gudanar da horarwar, kuwa yana buƙatar sabo, don haka gmake, wato sabon make ɗin, za a kira. Duk abin da ta yi ta rubuta shi a littafi, mataki-mataki, da Hausa. Auta, wannan littafin naki ya fi duk abin da na yi daraja, Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Akwai kuma mutanen da ba su san da mu ba. Ray Smith da ya assasa aikin, Dan Bloomberg mai Leptonica, da masu kula da Tesseract a yau, ciki har da ma'aikatan ɗakin karatu na Jami'ar Mannheim a Jamus. Sun bar ƙofa a buɗe har wani a nan ya iya shiga ya gyara abin ya dace da harshensa. Ina jin nauyin wannan a raina ƙwarai.

Uwargida, kin yi haƙuri da dare ashirin na hasken kwamfuta a ɗaki da abincin da ke hucewa a kwano. Na gani, kuma ban manta ba. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Ranar Asabar in sha Allahu za mu fara buga layukan horarwa daga shafi na farko. Duk mai hannu a buga Hausa da ƙugiyoyinta daidai, muna neman taimakonsa.