Kwana uku a kan benci a Kantin Kwari

Shafin intanet na farko da na yi wa ɗan kasuwa na wani Alhaji ne mai shago a Kantin Kwari. Na zauna na tsara masa rubutu da Hausar jarida: "tufafin gargajiya masu inganci", "kayan sawa na alfarma". Wata biyu shafin yana nan, ko mutum ɗaya bai kira ya ce a Google ya gan mu ba.

Da na je masa da bayani, sai ya ce, "Malam, tunda kake ka taɓa jin wanda ya shigo Kwari ya ce a ba shi tufafi? Zo ka zauna nan." Ya jawo mini benci.

Kwana uku ina zaune da littafi da biro. Wata Hajiya ta shigo da ƙanwarta, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Nawa ne turmin sufa?" Wani saurayi da aure ya matso ya zo da takarda a naɗe a aljihu, an rubuto masa atamfa kaza, leshi kaza, shadda kaza, yana ta tambayar abin da zai ishi akwati uku na lefe. Masu neman shadda kuwa "gezna" kawai suke cewa, ba ruwansu da yadda kamfanin Getzner na Ostiriya yake rubuta sunansa. Alhaji ya kuma bar ni na saurari saƙonnin murya na WhatsApp ɗin shagon. Kusan duk da tambayar kuɗi suke farawa, sai ta biyu: kuna aikawa Kaduna? Kuna sari?

Na koma gida na buɗe Google Search Console, wanda ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin shafinka ya bayyana musu. 'Yan kalmomin da ke ciki irin na bakin benci ne, kuma a nan na lura da abin da ya fi tsaya mini a rai: babu mai rubuta ƙ ko ɗ. "Kudin atamfa" suke bugawa, "dinkin sallah", domin allon rubutun yawancin wayoyi a Turanci yake. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, har yanzu ban sauya ra'ayi ba. Amma mai saye ba jarrabawa ya zo rubutawa ba, don haka na bar ƙugiyoyin a cikin bayani, a kanun shafi kuma na sa yadda mutane suke bugawa.

Na goge "tufafi" gaba ɗaya. Na buɗe shafi guda na kayan lefe, guda na gezna, kowanne da farashinsa a sama da lambar shago. Ana saura mako uku ƙaramar sallah Alhaji ya kira ni ya ce wata mata daga Gusau ta yi odar turmi goma, ta ce "farashin atamfa a Kwari" ta rubuta.