Kalar mota a waya daban, a titin Legas daban

Kusan duk wanda ya shigo garejinmu da motar gudu, Mustang ce ko Camaro ko Porsche, kafin a gama gaisawa ya zaro waya yana nuna maka hoto, "Malam, wannan kalar nake so." Hoton nan kuwa a Dubai ko Jamus aka ɗauke shi ƙarƙashin fitilun shago, an ƙara masa haske, motar ba ta taɓa shiga ruwan Lekki ba balle ta san ƙurar Oshodi.

Abin da ogana ya fara koya min tun ina yaron shago mai goga samfefa shi ne ba a yanke maganar kala a inuwa. Sai ka fesa a ɗan faifan ƙarfe, ka bi shi da kiliya, wato fentin sheƙi marar kala da ake rufe kalar da shi, ya bushe, sannan ka fita da shi tsakar rana ka jingina a jikin motar, da la'asar ka sake dubawa, don fentin metalik akwai ɓarɓashin alminiyam a cikinsa kuma yadda suke kwanciya ya danganta da ƙarfin iskar gon, wato bindigar fesa fenti, da nisan hannunka, mutum biyu za su fesa daga gwangwani ɗaya kala ta fito biyu. Lambar fenti ana samunta a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, amma motar tokumbo da ta sha rana shekaru ta riga ta koɗe, in ka bi lamba kaɗai ƙofar da ka fesa za ta yi ta ihu a tsakiyar sauran. Farin fal kuwa, wato fari mai ƙyallin lu'ulu'u da ake fesawa hawa uku, wannan ko gwani sai ya yi bismilla sau biyu.

Baƙi shi ne kalar da aka fi tambaya kuma shi ne ya fi jawo mana rigima. Ranar da motar ta fito wallahi kamar madubi, babu abin da ya kai ta kyau, amma bari hunturu ya shigo ko yaron wankin mota ya sa mata tsumma ɗaya da ya goge taya da shi, duk zanen zai fito a rana, ga zafi in ka ajiye ta a waje sitiyari ba ya taɓuwa. Mat, wato marar sheƙi da samari ke hauka a kai yanzu, ya fi muni don ba a yi masa folish, in ya karce sai dai a sake fesa fanel ɗin gaba ɗaya. Ni dai in mutum ya nace sai na ce ya yi rafin, wato a lulluɓe jikin motar da leda, in ya gaji ya ɓare, fentin kamfani na nan a ƙasa.

Ja kam ba na musu da mai son ja. Jan Ferrari da suke kira Rosso Corsa kalar Italiya ce a tseren motoci tun da can, kamar yadda Ingila ke da kore, Faransa shuɗi, Jamus kuma ruwan azurfa, shi ya sa har yau Mercedes mai ruwan azurfa take zama daidai a ido. Kuma a Legas azurfa da ruwan toka su suka fi rufa wa mai mota asiri, ƙura ba ta nunawa, sayarwa ba wuya. Rawaya ce nake ja wa mutane kunne a kai. Wani Alhaji daga Agege ya kawo Camaro yana son rawaya da baƙin layi biyu, na ce ranka ya daɗe ka manta garin da muke? Rawaya da baƙin layi ai danfo ke nan, motar haya ta Legas, a Obalende sai fasinja ya buɗe maka ƙofa. Ya yi dariya har da tari, muka koma ruwan lemo mai duhu.

Rim kuma nan ne kuɗin mutane ke zubewa ba su sani ba. Dayamon kot, wanda inji ke fere fuskarsa ta yi ƙyalli, siririn kiliya ne kawai ya rufe alminiyam ɗin, da zarar ya goga a kafaɗar titi ko tsakuwa ta same shi ruwa ya shiga ƙarƙashi, sai ka ga fari-fari yana tafiya kamar tsutsa, kuma wanda ke zaune Lekki ko Ajah ga iskar teku mai gishiri ga ambaliyar damina, ba ya daɗewa. Gyaransa sai an sake ferewa, ba kuma kullum za a yi ta fere rim ba don naman ƙarfen na raguwa. Kurom shi ma ɓarewa yake. Foda kot, wato garin fenti da ake fesawa a gasa a obin kusan digiri 200, ya fi juriya nesa ba kusa ba. A kala ina ba da shawarar ruwan toka mai duhu, yana ɓoye ƙurar birki, sannan zanen rim ɗin na fitowa, saɓanin baƙi wuluk da ke haɗewa da taya ka rasa inda kuɗinka ya tafi. Kaliba, wato maƙalin birkin da ake hangowa ta cikin rim, ja a kan jar mota gaskiya ya yi yawa, amma wannan ra'ayina ne, mai kuɗi shi ke da mota.

Sai girman rim. Kowa na son inci 21 da taya siririya, toh rami ɗaya a hanyar Apapa da daddare ya isa ya lanƙwasa shi, daga nan sai yawon kasuwar kayan mota ta Ladipo ana neman ƙwaya ɗaya da za ta dace da sauran ukun, ba a cika samu ba, ƙarshe ka sayi huɗu. Inci 19 da taya mai ɗan nama ya fi zaman lafiya.

Kuma duk wanda zai canza kala gaba ɗaya ina gaya masa tun kafin mu cire bamba, ya je ya gyara takardun motar, don an rubuta kala a ciki, in takarda ta ce fara mota kuma ta fito kore, ɗan sanda a shingen farko zai ce ka faka, kuma ba lambata zai kira ba.